Ciwon ƙugu mai riƙe gefe guda: yadda ake gane gaɓar kwankwaso ce, da yadda ake maganinta

A Katsina da wuya mutum ya ce ƙugunsa na ciwo ba a raɗa wa ciwon suna ba kafin ya rufe baki. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ne ya shiga ƙashi, mai kemis kuma ya ƙulla masa haɗi a leda ya ce gajiya ce. Da haka ake cinye wata da watanni ana shan maganin abin da ba shi ke damun mutum ba. Ƙugu kuwa ba abu ɗaya ba ne. Akwai gadon baya da faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwansa, akwai nama, akwai jijiya, akwai kuma wata gaɓa da ba a cika tunawa da ita ba, wadda likitoci ke kira sakuro'iliyak. Binciken masana ya nuna cewa a cikin masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, kashi 15 zuwa 30 cikin 100 daga wannan gaɓa ciwonsu ke tasowa. Ba ƙaramin adadi ba ne.

Riƙe ƙugunka da hannu biyu. Faffaɗan ƙashin da tafukanka suka dafa hagu da dama shi ne ƙashin kwatangwalo. Tsakaninsu ta baya, a gindin gadon baya, akwai wani ƙashi mai siffar alwatika wanda asalinsa ƙasusuwa 5 ne suka haɗe. Inda ya haɗu da ƙashin kwatangwalo, nan ne gaɓar, ɗaya a hagu ɗaya a dama, daidai 'yan loɓa biyun nan da ake gani a saman mazaunai. Duk nauyin kai da ƙirji da ciki, da buhun da ka ɗora a ka, ta nan yake bi ya sauka ƙafafu. Motsinta kaɗan ne ƙwarai, milimita 2 zuwa 4, domin jijiyoyi masu kauri sun ɗaure ta tamau. Zamanta kamar na ruwan gatari ne a cikin ƙota: in ya zauna daram ba ka ma tuna da shi, in ya fara girgiɗi kowane sara sai ka ji shi a hannu.

Tun a 1905 wasu likitocin ƙashi biyu a Boston ta Amurka, Goldthwait da Osgood, suka bayyana cewa wannan gaɓa na jawo ciwon baya. Da wasu likitoci biyu, Mixter da Barr, suka nuna a 1934 cewa faifan guringuntsi na iya ɓullowa ya danne jijiya, sai hankalin kowa ya koma can, aka yi shekaru gaɓar na gefe. Har gobe akwai ɓurɓushin wannan mantuwa, shi ya sa za ka ga an yi wa mutum hoton gadon baya sau biyu ba wanda ya taɓa masa kwankwaso.

Abubuwan da ke tayar da ita sanannu ne: faɗuwa da mazaunai, ko daga kan babur ko a santsin banɗaki, haɗarin mota, zurma ƙafa ɗaya cikin rami ba shiri, ciki da haihuwa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko saboda shan inna ko tsohuwar karayar da ta ɗoru a gajarce, tsufan gaɓa, da tiyatar da aka haɗe ƙasusuwan gadon baya da ƙarfe.

Mataki na farko: a tabbatar ba babban ciwo ne ya ɓuya a baya ba

Kafin a yi maganar tausa ko atisaye, akwai alamomin da in an ga ɗaya daga cikinsu ba a kwana a gida. Fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zubowa ba da sani ba. Bayan gida ya kubce. Matsematsi da kewayen dubura su sage har mutum ya yi tsarki bai ji ruwa ba. Ƙafafu su yi rauni, takalmi ya riƙa zamewa daga ƙafa. Wannan jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne, kuma awoyi ake ƙirgawa ba kwanaki ba.

Sai kuma waɗanda ke buƙatar ganin likita cikin kwana ɗaya ko biyu: ciwon ƙugu tare da zazzaɓi, gumin dare, rama ba dalili, ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, ko ciwo bayan mummunar faɗuwa, musamman ga tsoho. Wanda ya taɓa jinyar kansa, da dattijon da fitsari ke yi masa gardama kuma ga sabon ciwo a ƙugu, su ma suna cikin wannan sahu, domin kansar furostet, wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, na son sauka a ƙasusuwan ƙugu da gadon baya.

A yankinmu akwai cututtuka biyu da ya kamata a ambata da suna. Ɗaya tarin fuka, wanda ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana shiga ƙashi da gaɓa, kuma mutum na iya samunsa ba ya tari ko kaɗan. Ɗaya kuma burusela, cutar da ake ɗauka daga shanu da awaki da tumaki, ta hanyar shan madarar da ba a tafasa ba ko taɓa mahaifa da ɓarin dabba da hannu. Wannan gaɓa tana daga cikin wuraren da burusela ta fi kamawa a jikin ɗan Adam. Makiyayi, mahauci, mai kiwo a gida, ko dillalin da ke yini cikin dabbobi a kasuwar Mai'adua, in ya zo da ciwon kwankwaso da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, an sha maganin maleriya da na taifot ba sauƙi, to ya faɗa wa likita sana'arsa da bakinsa. Kada ya jira a tambaye shi. Duka biyun suna da magani: burusela makonni 6 ne mafi ƙaranci ana shan haɗin maganin ƙwayoyin cuta, in ta shiga gaɓa ya kan fi haka, tarin fukan ƙashi kuwa watanni 12, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Mataki na biyu: nuna wurin da yatsa ɗaya

Tashi tsaye, ka nuna inda ya fi ciwo da ɗan yatsa guda, ba da tafin hannu ba. Ka bari wani ya duba. Bayan ɗan lokaci ka sake nunawa. Idan sau biyun yatsan ya sauka a kan loɓar nan ta gefe guda, ko ƙasa da ita kaɗan, tazarar da ba ta wuce santimita 1 ba, zargi ya fara ƙarfi. Wani likita Ba'amurke, Joseph Fortin, shi ya bayyana wannan gwaji a 1997. Mai ciwon nama ko na gadon baya yawanci shafa bayan yake da tafin hannu ya ce, "Duk nan ne." Mai ciwon wannan gaɓa kuwa cewa yake, "Likita, ga shi nan, nan ya riƙe ni."

Daga nan ka lura da abin da ke tayar da shi. Ciwon gaɓar nan ba ya son a ɗora wa ƙafa ɗaya nauyi, kuma ba ya son canjin yanayi: tashi daga tabarma, juyi a kan gado cikin dare, hawa bene, tsayuwa da ƙafa ɗaya wajen sa wando, ɗaga ƙafa a haye babur, fitowa daga mota bayan tafiyar Daura ko Kano. Mai shi ba ya iya kwanciya a kan gefen da ke ciwo, in ya zauna kuma sai ya karkace ya jingine nauyinsa a ɗaya ɓarin. Ciwon na iya sauka cikin mazaunai da bayan cinya, wani lokaci ya zagayo gaba wajen mara. Ba kasafai yake wuce gwiwa ba, ko da yake ya kan wuce.

Ga abokan kamarsa. In ciwo ya tsarga daga ƙugu har tafin ƙafa, yatsu na sagewa, tari ko atishawa ko sunkuyo na ƙara shi, faifan guringuntsi ya fi kusa da zargi. In ciwon a gaba yake, inda cinya ta haɗu da mara, mutum ya kasa harɗe ƙafa ko tsuguno, ƙwallon cinya ne za a duba, kuma ga mai sikila wannan shi ne abin farko da ake tunani. In ya haura sama ƙarƙashin haƙarƙari, da zazzaɓi ko zafin fitsari, ƙoda ce. Mace mai ciwon mara da fitar ruwa ko rikicewar al'ada, likitan mata za ta fara gani. Basir kuwa, duk da yawan laifin da ake ɗora masa, wurinsa dubura ne. Ba ya hawa ya riƙe wa mutum kwankwaso gefe guda.

Akwai wani nau'i da ke saɓa wa duk abin da na faɗa. Matashi ne, ciwon ya faro masa kafin shekara 45, ya shafe fiye da watanni 3, yana tashinsa a tsakiyar dare, in ya tashi sallar Asuba ƙugun a sandare har fiye da minti 30, amma da ya fara zirga-zirga sai ya sake shi. Hutu ke ƙara masa ciwo, motsi ke rage shi, wani lokaci kuma ya riƙa canja gefe. Wannan kumburin gaɓa ne da garkuwar jiki ke haddasawa, maganinsa daban, kuma barinsa na iya sa gadon baya ya ƙage.

Mataki na uku: abin da za a yi maka a asibiti

Je ka da tufafin da za su bari a taɓa ƙugu da cinya, wando mai sakewa a ƙarƙashin riga ko zane. Mace na da damar neman ma'aikaciya mace ko ta shiga da 'yar rakiya. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina yana da likitocin ƙashi da sashen gashin ƙashi, wato fisiyo. Ana kuma iya farawa daga Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Janar Amadi Rimi. Mutumin Daura ya fara da babban asibitin garinsu, in da buƙata a ba shi takardar turawa gaba.

Da hannu ake gane wannan ciwo. Likita zai yi ƙoƙarin tsokano ciwon ta hanyoyi daban-daban, kowace na matsa gaɓar ta wata fuska. Kana rigingine zai danna ƙasusuwan kwatangwalo biyu ta gaba, yana buɗa su. Zai naɗe maka cinya ta miƙe sama, ya sa hannu a ƙarƙashin ƙugu, ya danno gwiwar ƙasa. Kana kwance ta gefe zai danna kwatangwalon daga sama. Kana rub da ciki zai danna tsakiyar ƙashin alwatikan. Zai kai ka bakin gado ya saki ƙafa ɗaya ta rataya yayin da ka rungume ɗaya gwiwar a ƙirji. Ya kan kuma ɗora idon sawunka a kan ɗaya gwiwar ya danna cinyar ta buɗe waje.

Abin da ake so daga gare ka amsa ɗaya ce: shin wannan shi ne ciwon da ya kawo ka, ko wani zafi ne daban? Mutanenmu na da kunya da dauriya, wani a danna shi ya cije ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe." Wani kuma ko ina aka taɓa sai ya ce da ciwo don kada a raina jinyarsa. Duka biyun ɓata aikin suke. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Mark Laslett, masanin fisiyo na ƙasar Niyu Zilan, ya nuna a 2005 cewa sai uku ko fiye sun fito da ainihin ciwon sannan maganar ke yin nauyi. In duka aka yi ba wanda ya tayar da shi, a nemi ciwon a wani wuri.

Kada ka fita ba a gwada ƙarfin ƙafafunka ba, ba a juya ƙwallon cinya ba, ba a kuma auna tsawon ƙafafun biyu ba.

Game da hoto, a nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Hoton ƙashi ba ya nuna ciwo. Gaɓa na iya fitowa lafiya lau a hoto mai ita na ɗingishi, dattijo kuma a ga tasa ta zaizaye alhali ba abin da ke damunsa. Amfanin hoto shi ne gano karaya, ko kumburi, ko ƙwayar cuta, ko kansa. In ana zargin waɗannan, hoton MRI ya fi nunawa da wuri, tare da gwajin jini. In ba a zarginsu, kuɗin hoton gara a kashe shi a zuwa fisiyo.

Hanyar da ta fi tabbatarwa ita ce a sa 'yar allurar kashe zafi cikin gaɓar kanta, ana kallon bakin allurar a na'urar hoto. In ciwon ya ragu da kashi 75 cikin 100 nan take, gaɓar ce. Ba kowa ke buƙatar wannan ba, sai wanda jinyarsa ta yi tsawo.

Mataki na huɗu: kwanakin farko

Huta, amma kada ka kwanta jinya. Kwana ɗaya ko biyu na rage aiki sun isa. Kwanciyar mako guda sandarar da ƙugu take, ta kuma narkar da naman da ke riƙe gaɓar. Riƙa tattaki kaɗan-kaɗan a tsakar gida, da gajeren taku.

In faɗuwa ce ta jawo, kwana biyun farko ɗora ƙanƙara, ko da ledar ruwa ce da ta daskare, a naɗe cikin tsumma, minti 15. Bayan nan gashi da ruwan ɗumi, minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a yini. Ɗumi na ce, ba tafasasshe ba. Mai ciwon suga ya sa wani ya gwada masa zafin ruwan, domin fatarsa na iya ƙonewa bai ji ba.

Wajen magani, baligi na iya shan farasitamol mai miligiram 500 guda biyu duk bayan awa 6, kada ya wuce guda 8 a yini da kwana. Ibufurofen mai miligiram 400 har sau uku a rana bayan cin abinci ya fi kama ciwon gaɓa, amma na 'yan kwanaki ne, kada a zarce kwana 10 ba tare da likita ba, kuma ba a haɗa shi da dikulofenak domin 'yan gida ɗaya ne. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai hawan jini, da mai juna biyu, kada su taɓa waɗannan biyun sai da izinin likita. A zafin bazara, ko cikin azumi lokacin da jiki ke bushe, sun fi yi wa ƙoda illa.

Haɗin kemis da ba ka san abin da ke ciki ba, bar shi. Sau da yawa akwai dekzametazon a ciki, wanda ke sa mutum ya ji garau yau, amma in aka daɗe ana sha ya kumbura fuska, ya hau da suga da jini, ya rarake ƙashi. Tiramadol kuma mun ga abin da ya yi wa matasanmu, ba sai an faɗa ba. Allurar ɗuwawu a hannun wanda bai ƙware ba na iya samun babbar jijiyar ƙafa, a je neman sauƙi a dawo da shanyewar sawu.

Tausa mai sauƙi a naman mazaunai ba laifi, tana ma sassauta ɗaurewar nama. Amma sa yaro ya tattaka baya, ko mai ɗori ya fizgi ƙafa wai ƙashi ya goce, wannan ban yarda da shi ba; gaɓar da aka ɗaure haka ba ta gocewa sai a mummunan haɗari, shi kuwa aikin ɗakin tiyata ne. Ƙaho ba ya kaiwa inda ciwon yake, kuma askar da aka tsaga wani da ita hanya ce ta ciwon hanta. Sakiya tabo kawai take bari.

Mataki na biyar: ɗamara da atisaye

Yi wannan gwaji a gida. Kwanta rigingine, ƙafafu a miƙe, ka ɗaga ƙafar gefen da ke ciwo kamar taƙi ɗaya, santimita 20. Lura da nauyinta. Sai wani ya matse maka kwatangwalo hagu da dama da tafukansa, ko a ɗaure da ɗankwali ko rawani, ka sake ɗagawa. In ta yi sauƙin ɗagawa, ɗamara za ta taimake ka. Ana sayar da bel ɗin kwankwaso a shagunan kayan asibiti. Wurin ɗaurinsa ne mutane ke kuskurewa: ba a cibiya ba, ba inda tazuge ke zama ba. Ƙasa yake sauka, ƙarƙashin ƙasusuwa biyun da suka turo a gaban kwatangwalo, ya zagaye saman mazaunai. A sa shi lokacin tafiya da aiki, a kwance in an zauna hutawa.

Ɗamarar aro ce dai. Ta dindindin naman jikinka ne, na mazaunai da na ciki da na cinya, kuma shi atisaye ke ginawa. Shimfiɗa tabarma ko darduma a ƙasa, ba katifa mai laushi ba.

Fara da mafi sauƙi. Kana rigingine, gwiwoyi a naɗe, tafin ƙafa a ƙasa, ka janyo mara ciki kaɗan, ka manna ƙugu da ƙasa, kana numfashi yadda ka saba. Riƙe daƙiƙa 5, ka saki, sau 10. A wannan kwanciyar, sa matashi tsakanin gwiwoyi ka matse shi daƙiƙa 5, sau 10. Sannan ka ɗaure cinyoyin da ɗankwali ka tura su waje kamar za ka tsinka shi, shi ma haka. Ƙarasa da janyo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a hankali, daƙiƙa 20, kowane gefe.

Bayan kamar mako guda, in jiki ya karɓa, ƙara ɗaga ƙugu: daga wannan kwanciyar ka matse mazaunai ka ɗaga su sama har kafaɗa da ƙugu da gwiwa su yi layi ɗaya, daƙiƙa 5, sau 10, zagaye biyu. Kada ka gantsare. In a tsatso kake jin aikin ba a mazaunai ba, ka ɗaga da yawa. Sai ka kwanta ta gefe, gwiwoyi a naɗe, diddige a haɗe, ka buɗe gwiwar sama ba tare da ƙugu ya mirgina baya ba. Wannan na ƙarfafa naman gefen kwatangwalo, wanda shi ke hana ƙugu karkata duk lokacin da ka ɗaga ƙafa ɗaya wajen tafiya. Da yawa daga masu wannan ciwo a nan rauninsu yake.

Daga mako na uku ko na huɗu, durƙusa da hannu da gwiwa, ka miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya lokaci guda, bayan a shimfiɗe ba karkata, sannan ka canja. Ƙara da tashi daga kujera ba dafawa, nauyi daidai a ƙafa biyu. Tattaki kuma ya riƙa tsawo, daga minti 10 har zuwa 30.

Ma'aunin shi ne gobe. Ɗan zafi lokacin atisaye ba abin tsoro ba ne in ya lafa kafin washegari. In ka tashi ya fi jiya, rage yawan ko ka koma matakin baya. Mutane da yawa na yin kwana huɗu su ce ba ya aiki, alhali nama sai ya samu makonni 6 zuwa 12 kafin ya ginu. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗaura shi da wani abu da ba ka fashinsa, kamar bayan Asuba da bayan Isha'i. Ko sau biyu ko uku ne, je wurin likitan fisiyo ya ga yadda kake yi, domin atisayen da aka yi a karkace wahala ce kawai.

Mataki na shida: gyara abin da ke maimaita raunin

Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, kuma ɗaukarta da hannu ɗaya murɗa gaɓar yake. Raba ruwan biyu, hannu da hannu, ko a tura a baro. Tsintsiya a sa mata doguwar sanda. Mai daka ta tsaya ƙafa biyu daidai, kada ta jingine a ɗaya. Manomi mai fartanya ya riƙa miƙewa duk bayan minti 20 zuwa 30, ya kuma riƙa canja ƙafar da ke gaba. Tela mai keken ƙafa ya taka da ƙafa biyu. Direba ya cire walat daga aljihun baya, ya tsaya ya taka ƙasa in tafiya ta kai awa guda, in zai fito ya haɗe gwiwoyi ya juyo gaba ɗaya. Babur a hanya mai gargada a rage shi na 'yan makonni, in ya zama dole a hau ta hanyar tsayawa a kan lafiyayyar ƙafa. Wajen barci, kwanta a kan gefen da ba ya ciwo da matashi tsakanin gwiwoyi. Wanda aka auna aka ga ƙafarsa ɗaya gajera ce, a ƙara wa takalminsa tudu gwargwadon abin da likita ya ce.

Salla na buƙatar a ɗan tsaya a kanta. Zaman tahiya irin namu, da ake kwantar da ɗuwawun hagu a ƙasa, yana ɗora nauyi a gefe guda, haka ma tasowa daga sujada. Wanda hakan ke tayar wa ciwo ya zauna yadda zai iya, ko ya yi a kan kujera har ya samu sauƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari a fili yake: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe.

Ke kuma mai juna biyu, kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da ciwon kwankwaso a lokacin ciki, saboda jijiyoyin na sassautawa domin shirin haihuwa ga kuma nauyi na ƙaruwa. In uwar miji ta ce, "Haƙuri za ki yi, haka ciki yake," gaskiya ne ciki ne, amma akwai abin yi. Faɗa a wurin awo, ko a asibitin Turai 'Yar'adua ko a na unguwa. Bel ɗin kwankwaso da atisayen matse matashi sun dace da ke, sai dai in ciki ya tsufa kada ki daɗe a rigingine. Zauna ki sa tufafi, ki daina saɓa yaro a kwatangwalo ɗaya, goyo a tsakiyar baya ya fi. Yawanci ciwon na tafiya cikin 'yan watanni bayan haihuwa. Ruwan wankan jego in ɗumi ne yana sa jin daɗi, amma ba ya mayar da ƙarfin nama. In an yi arba'in har wata uku ba sauƙi, a je fisiyo, kuma a ba jiki tazara kafin wani cikin.

Mataki na bakwai: in makonni 6 sun wuce ba canji

Koma wurin likita da bayani a hannu: abin da ke tayar da ciwon, magungunan da ka sha har da na gargajiya, da atisayen da ka yi. Abu na farko shi ne a sake duba ko tun asali gaɓar ce. In ita ce, ana iya yin allurar rage kumburi cikin gaɓar, da jagorar na'urar hoto, ba da lalube ba. Sauƙinta na makonni ne zuwa 'yan watanni, ba a yinta fiye da sau uku ko huɗu a shekara, tana kuma hau da suga na 'yan kwanaki. Amfaninta ta buɗe maka sararin yin atisaye. Gaba da ita akwai ƙona ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga gaɓar da wata allura mai zafi, sauƙin da kan kai watanni 6 zuwa shekara kafin su sake tohowa. Tiyatar haɗe gaɓar da ƙarfe ita ce ta ƙarshe, ga 'yan kaɗan da suka shafe aƙalla watanni 6 ana magani ba nasara, kuma allurar gwaji ta tabbatar daga nan ciwon yake. Irin wannan shawara a ɗauke ta tare da ƙwararren likitan ƙashi, ko a Katsina ko a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, kuma duk wanda aka ce za a yi wa tiyata ba a yi masa allurar gwaji ba, ya nemi ra'ayin likita na biyu.